Duba Kaifin Wuƙa da Madubi Mai Ƙara Girma

Manoma, yau zancenmu a kan kaifi ne, musamman kaifin wuƙar da a ke auren mangwaro da lemo da ita. Sa'ad da na fara aikin malamin gona, wata shekara na yi wa dashen mangwaro aure, fiye da rabi ya ƙi kamawa. Na zargi iri, na zargi rana. Sai wani tsohon ma'aikacin lambu ya miƙo mini ɗan madubi, ya ce, "Malam, dubi bakin wuƙarka." Da na duba sai na ga giɓi a jere kamar zarto, alhali da ido wuƙar sumul take.

Dalili kuwa shi ne, ƙarƙashin ɓawon itace akwai wata 'yar fata mai ɗanye, ita ce ke haɗe reshen da uwar. Wuƙa mai kaifi ta kan yanke ta sarai, fuskokin biyu su manne. Dakusassa kuwa murje ta ta ke yi, iska ta shiga, reshe ya bushe, wahalar shekara ta tafi a banza.

Wannan dubawa ba sabuwa ba ce. Tun cikin 1665 wani masani a Ingila, Robert Hooke, ya sa bakin aska a ƙarƙashin madubinsa, ya tarar da shi da kaushi da zane-zane, ba kamar yadda ido ke nunawa ba.

To, wane madubi za a saya? Kada a sayi irin na asibiti wanda a ke duban jini da shi, domin haskensa daga ƙasa ya ke fitowa ya ratsa abin da a ke dubawa, haske kuwa ba ya ratsa ƙarfe. Na hannu, irin na masu gyaran agogo, mai ƙara girma sau 10, ya ishi manomi, ga araha, ga shiga aljihu. Wanda ke da lambun dashe babba ya iya neman na tebur mai ido biyu, mai ƙara girma sau 20 zuwa 40. Akwai kuma ƙanana masu fitila waɗanda a ke jonawa da waya ko kwamfuta. Amma kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. In girma ya yi yawa, ɗan wuri kaɗan za ka gani, kuma da hannu ya motsa sai hoton ya ɓace.

Ga yadda a ke dubawa. Da fari goge wuƙar da tsumma, a kawar da mai da garin dutse. Kafa ta a kan tebur, kada ka riƙa wasa da kaifi kusa da fuska. Kai madubin dab da idonka, sa'an nan ka matso har tsakaninsa da ƙarfen ya zama kamar inci 1. Haske ya zo daga gefe. Bi bakin daga gindi har tsini.

Abu uku za ka nema. Na ɗaya, ƙyalli. Kaifi na gaske ba ya walƙiya; duk inda ka ga farin layi a kan bakin, wurin ya dakushe. Na biyu, giɓi. Wannan sai a koma dutse mai kaushi har ya ɓace, kana a bi da mai laushi. Na uku, ɗan siririn ƙarfe da ke lanƙwashewa gefe guda bayan washi. Shi ke ruɗin mutane, gama ya kan aske gashi, amma yanka biyu ya karye. Maganinsa gogawa a kan fata, yadda wanzami ke yi wa aska.

Wata dabara kuma, shafa wa bakin baƙin tawada kafin washi. Ka goga sau kaɗan, ka duba. In tawada ta saura a can ƙarshen baki, dutse bai taɓa kaifin ba, sai ka ɗan ɗaga bayan wuƙar. A tuna wuƙar aure gefe ɗaya a ke wasa ta, ɗayan a bar shi shimfiɗe.

Adda da fartanya ba su bukatar duk wannan, magagari ya ishe su. Amma mai shirin aure bana, ya duba wuƙarsa kafin ya taɓa itace. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.