Ƙauyen da mit-fai ya samar wa zauren taro

Uwargida, idan kin taɓa kwana kina aikin abincin biki, gari ya waye kika tarar ya lalace, to mutanen Denby Dale sun riga ki ɗanɗanar wannan takaici.

Ƙauye ne a arewacin Ingila da ya yi suna wajen gasa ƙaton mit-fai guda ɗaya don jama'a su ci duk lokacin babbar murna. Sun fara a 1788, da Sarki George na Uku ya samu sauƙi. A 1887, bikin cikar Sarauniya Victoria shekara 50 kan gadon sarauta, aka ɗauko ƙwararru daga waje. Ana yanka shi sai wari ya watsa taro! Suka kai shi daji suka binne, bayan mako guda matan ƙauyen suka gasa wani da kansu, aka ci.

Abin da ya burge ni, ba su ɓoye wannan abin kunya ba, yana cikin tarihin da suke ba baƙi. Kuɗin da aka tara a bikin 1964 ne ya samar musu Pie Hall, zauren da suke adana kayan tunawa. Tiren gashin wannan shekarar ma ba a yar ba, ƙasa aka zuba masa aka shuka furanni.