Mudun Amurka Zai Iya Awo A Kazaure?

Jama'a, akwai wata cuta wadda mu ke kira gigin tsufa, likitoci kuwa suna ce mata cutar mantuwa. Tsoho ya kan manta sunan ɗansa, ya ci tuwo ya ce ba a ba shi ba, ko ya fita masallaci ya kasa gane hanyar gida. Ba tsufa kaɗai ba ne, ba kuwa aikin iska ba. Ƙwaƙwalwa ce ta ke lalacewa sannu sannu. Wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, shi ya bayyana irinta mafi yawa a 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 masu ita sun kai miliyan 57, fiye da kashi 60 cikin 100 kuwa suna ƙasashe marasa wadata. Binciken da aka yi a Zariya, aka buga a 2011, ya sami kusan mutum 3 cikin kowane tsoho 100.

A garin Kazaure akwai asibitin masu taɓin hankali na Jihar Jigawa. Amma a ƙauyukan Roni da Gwiwa da Babura, kamar sauran ƙasar Hausa, a gida a ke jinyar tsoho, kuma galibi mata ke ɗauke da nauyin, watau matarsa, ko 'yarsa, ko matar ɗansa. In mai jinya ta karaya, tsoho ya shiga uku. Saboda haka masana suka ga ya kamata a auna ƙarfin zuciyarta, a san wadda ta kusa gazawa tun ba ta gaza ba.

Asalin wannan tunani na wani malamin Jami'ar Stanford ne, Albert Bandura, wanda ya nuna a 1977 cewa mutumin da ya amince zai iya abu ya fi daurewa a kansa. A 2002 Ann Steffen da abokan aikinta suka fitar da ma'auni mai tambaya 15, kashi uku. Na fari, ko mai jinya za ta iya neman wanda zai karɓe ta ta huta. Na biyu, ko za ta iya riƙe fushinta in tsoho ya yi ta maimaita magana ɗaya. Na uku, ko za ta iya kawar da tunanin da ke damunta. Kowace tambaya a kan ba da amsa daga 0 zuwa 100. An juya ma'aunin zuwa Larabci da Faransanci da Sinanci da wasu harsuna.

To, amma kowa ya san mudun wata kasuwa ba lalle ya yi daidai da na wata ba. A ɗauki kashi na fari. Ba'amurkiya tana iya faɗi a fili ta gaji. Bahaushiya kuwa, in baƙo ya tambaye ta ko za ta iya jinyar uwar mijinta, ba abin da zai ji sai "Alhamdu lillahi", domin kunya da tsoron kada a ce ta ƙi iyaye. Sai a rubuta mata 100, alhali kuwa ta yi wata guda ba ta sami cikakken barci ba. Har ila yau ma'aunin ya ɗauka mai jinya ɗaya ce, amma a gidan gandu wata ke dafa abinci, wani ke sayen magani, jika ke tsaron ƙofa. Wa za a tambaya? Sa'an nan ga kunyar surukuta, wadda ta kan hana matar ɗa yi wa uban mijinta wanka ko da tana da ƙarfin zuciya. Lambar ma kanta, 0 zuwa 100, baƙuwa ce ga wadda ba ta saba da takarda ba.

Wannan ba ya nufin a yar da ma'aunin. An taɓa gyara irinsa a ƙasar nan. Tun 1992 likitocin Ibadan da na Indianapolis ta Amurka suka haɗa kai wajen binciken cutar, suka yi aiki da tambayoyin da aka daidaita su da rayuwar Yarabawa, har da waɗanda ba su yi boko ba. Hanyar kuwa sananniya ce. Wani ya juya tambayoyi zuwa Hausa, wani dabam ya mayar da su Turanci a ga ko ma'ana ta ɓace, sa'an nan a gwada su ga masu jinya na gaske, a ji yadda suka fahimce su. Mace ta tambayi mace, a keɓe, ba gaban miji ko uwar miji ba. Maimakon lamba a zuba tsakuwa goma, ta ware gwargwadon yadda ta ji za ta iya. Maimakon a ce "Kin gaji?" a ce, "Jiya da dare sau nawa kika tashi? Wa ya karɓe ki ranar kasuwa?"

Muna kira ga ma'aikatan lafiya na ƙasar Kazaure, in an kawo tsoho su dubi wadda ta kawo shi. Ku kuma 'yan'uwa, kada ku jira ta roƙa, domin ba za ta roƙa ba. Ku raba kwanakin jinya tun yau. Allah ya ba mu ikon saka wa iyaye da alheri, amin.