Me ya sa baki ya rabu da magana cikin faifan bideyo?

Bayan kaka, idan hatsi ya shiga rumbu, lokacin biki ya zo. A ƙauyuka da yawa na Maraɗi, Damagaram da Tawa, samari suna ɗaukar bikin aure, ko kokowa, ko taron ƙungiyar manoma da wayar salula. Yawancin mutane a yau cikin waya suke kallo. Amma akwai masu gida da suka fi son a zuba musu bikin cikin faifai, su ajiye cikin akwati saboda jikoki.

Ga abin da yake faruwa sau da yawa. Mai gida ya kai waya birni wurin mai kwamfuta, ya biya kuɗi, ya komo da faifai. Da dare iyali da maƙwabta suka taru gaban telebijin. Hoto ya fito yana tsalle-tsalle. Liman yana motsa baki, amma addu'arsa ta riga ta wuce. Mafi muni, yaro ya riga ya goge bikin daga waya don ya samu wuri. Kuɗi sun tafi, biki kuma ba a maimaita shi.

Domin a gane ciwon, sai a san yadda bideyo take. Hoto mai motsi ba ya motsi. Hotuna ne tsayayyu da yawa, ana nuna su ɗaya bayan ɗaya da sauri, har ido ya ɗauka motsi ne. Ana ƙirga su cikin sakan ɗaya, kuma sakan 60 ne minti ɗaya.

Kamar yadda kowace kasuwa take da tiyarta, haka ƙasashe suke da nasu awo. Sinima tana nuna hoto 24 a sakan. Telebijin ta Nijar, wadda ta soma da darussan makaranta a shekarar 1964, ta bi awon hoto 25. Najeriya, Faransa da Indiya su ma 25 ne. Shi ya sa faifan fim na Kano yake tafiya daidai a Maraɗi. Amurka da Japan kuwa kusan 30 suke nunawa. Asalin bambancin daga wutar lantarki ne: tamu tana bugawa sau 50 a sakan, ta Amurka sau 60, aka ɗauki rabin kowace. A kan faifan DVD, awon 25 ana ce masa PAL, awon 30 kuma NTSC.

To, yawancin wayoyi da hoto 30 suke ɗauka. Faifan da ake yi don ƙasarmu kuwa 25 yake so. Nan ne rikici yake shiga.

Hoto da murya kamar shanun noma biyu ne cikin karkiya ɗaya. In ɗaya ya yi nawa, kunya ta karkace. Idan mai kwamfuta ya sa hotunan 30 su riƙa tafiya da 25, bai taɓa murya ba, hoto zai yi nawa. Bikin minti 60 zai koma minti 72, murya kuma ta ƙare saura minti 12. Idan kuma kwamfuta ta jefar da hoto ɗaya cikin kowane shida don ta cika awo, murya za ta daidaita, amma motsi zai riƙa ɗingishi, musamman wajen rawa ko gudun doki.

Akwai wata matsala kuma. Waya ba ta riƙe awo ɗaya koyaushe. Idan haske ya ragu, kamar da magariba ko cikin ɗaki, wasu wayoyi suna rage yawan hotuna da kansu. Faifai ba ya karɓar haka, awo ɗaya yake so daga farko har ƙarshe. Alamar wannan ita ce a soma kallo lafiya lau, sannan baki da magana su riƙa rabuwa kaɗan-kaɗan. Maganinsa, mai kwamfuta ya fara mai da bideyon kan awo ɗaya tsayayye kafin ya zuba ta.

Hanya mafi sauƙi ita ce a bar bideyo da awon da aka ɗauke ta. Wasu wayoyi suna da wurin zaɓen 25, sai a zaɓa tun kafin biki. In da 30 aka riga aka ɗauka, ana iya yin faifan da awon NTSC, domin yawancin na'urorin kallo da ake sayarwa a ƙasashen awon 25 suna karanta duka biyu. Sai dai tsohuwar telebijin tana iya nuna shi fari da baƙi, ko hoto ya riƙa birgima. Saboda haka a gaya wa mai kwamfuta irin telebijin da ke gida.

Ba kullum ne laifin awo ba. Kafin a yi faɗa da kowa, a gwada faifan a na'urar maƙwabci. In ya tafi daidai a can, na'urar gida ce ba ta da lafiya, galibi ƙurar hunturu ce ta rufe idonta. In ya tsaya a wuri ɗaya a na'urori biyu, a duba bayansa, ko ya karce ko ya yi datti. Ana goge shi da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a kewaye ba. In kuwa fuskoki sun farfashe kamar tubali, an cusa masa abin da ya fi ƙarfinsa. Faifan DVD kusan awa biyu yake ɗauka da hoto mai kyau, na VCD kuwa bai wuce minti 80 ba. Zuba faifai da gaggawa ma yana kawo tsayawa. Gara a ce wa mai aiki ya zuba a hankali.

Ƴan uwa manoma da makiyaya, ku riƙe abu uku. Na ɗaya, kada ku biya sai an kunna faifan gabanku a na'urar kallo, ba cikin kwamfuta kaɗai ba. Na biyu, ku kalli farko, ku kalli tsakiya, ku kalli ƙarshe, kuna duba bakin mai magana, domin a ƙarshe ne rabuwar take fitowa fili. Na uku, kada a goge komi daga waya sai faifan ya yi aiki a gida. Bayan haka ma a ajiye bikin cikin katin waya na daban, domin faifai yana lalacewa, kuma zafin rana yana lanƙwasa shi.

Muddin asalin bideyon yana nan, ana iya sake faifai ko sau nawa ne. In ya ɓace, ko gwanin gwanaye ne da wuya ya mai da shi yadda yake.