Kamaru: Yadda matasan New Bell za su binciki sana'a kafin iyaye su zuba kuɗin makaranta

A duk shekara, da zarar sakamakon jarrabawar Bakaloriya ya fito a watan Yuli, gidaje da dama a unguwar New Bell ta birnin Duwala sukan cika da 'yan barka. Sai dai murnar ba ta daɗewa tambaya ke biyo baya: me yaron nan zai karanta, a wace makaranta, kuma wa zai biya?

Tambayar tana da nauyi saboda kuɗin da ke cikinta. A jami'o'in gwamnati, kuɗin rajistar karatun da aka saba jaka 50 ne na sefa a shekara, kamar yadda aka tsayar tun 1993, shekarar da aka kafa Jami'ar Duwala. Kwasa-kwasan koyon sana'a da makarantu masu zaman kansu kuwa sukan ninka wannan sau da yawa. Ga mahauci ko mai shago a kasuwar Kwango, shekara biyu na irin wannan biyan kan iya cinye jarin da ya tara. Duk da haka sau da yawa ana yanke shawarar ne a kan jita-jita: ɗan maƙwabci ya yi kaza, ya sayi mota.

Akwai hanyar rage wannan caca. Matashi ya ware mako biyu ko uku ya binciki sana'ar da yake so, sannan ya zuba abin da ya gano a takarda mai shafi biyu, tsararriya, wadda duk wanda zai biya ko zai ba da shawara zai iya dubawa.

Ɗabi'ar ba baƙuwa ba ce

Jamusawa ne suka shata New Bell a 1914, lokacin da suka tashi 'yan ƙabilar Duwala daga filayensu na bakin kogin Wouri, rikicin da ya kai ga rataye sarki Rudolf Duala Manga Bell ranar 8 ga Agusta na wannan shekara. A zamanin Faransawa unguwar ta zama masaukin baƙi, ciki har da Hausawa masu fataucin goro, shanu da tufafi.

Waɗannan fatake ba sa ɗaura kaya sai sun tambayi hanya. Madugu yakan san farashi a inda za a je, da kuɗin fito, da maigidan da za a sauka wurinsa. Yaron da za a kai koyon ɗinki ko fawa ma, sai uba ya bincika halin maigidan tukuna. Abin da ya sauya a yau shi ne yawancin ayyukan da matasa ke hange a Duwala, daga tashar jiragen ruwa zuwa masana'antun Bassa da Bonaberi, ana shigarsu ne ta takarda, kuma da takarda ake yin su. Wanda ya iya tambaya irin ta kakanninsa, ya kuma iya rubuta amsar a tsare, ya riga takwarorinsa da taki ɗaya.

Tambayoyin da bincike zai amsa

A ɗauki misalin ɗalibar da ta ci Bak, kawunta direban babbar mota ne tsakanin Duwala da N'Djamena, tafiyar kusan kilomita 1,800. Ta taso tana jin cewa akwai kuɗi a aikin taranzit, wato fitar wa 'yan kasuwa kaya daga hannun duwan. Zancen yana da tushe, domin ta tashar Duwala ne Chadi da Afirka ta Tsakiya ke shigo da kaso mai yawa na kayansu. Amma "akwai kuɗi" bai isa a biya makaranta a kansa ba.

Tambaya ta farko ita ce me mai wannan aiki ke yi daga safe zuwa yamma. Idan ta bincika za ta tarar mai shigar da bayanan kaya yana shafe yawancin yininsa ne a gaban kwamfuta. Tun 2020 hukumar duwan ta Kamaru ta koma aiki da manhajar CAMCIS a madadin SYDONIA, kuma yawancin takardun shigo da kaya suna bi ta GUCE, ofishin bai-ɗaya na kasuwancin waje. Aikin yana buƙatar sanin lambobin harajin kaya, lissafi marar kuskure, Faransanci mai kyau, da Ingilishin karanta takardun jiragen ruwa.

Ta biyu, ta wace ƙofa ake shiga. A nan mutane da yawa ke haɗa abubuwa biyu da suka bambanta. Jami'in duwan mai kaki ma'aikacin gwamnati ne, ta gasar ɗaukar aiki ake shiga, wadda aka fi sani da konkur, kuma manyan jami'an sukan fito ne daga makarantar ENAM ta Yawunde. Ma'aikacin taranzit kuwa kamfani yake yi wa aiki. Ana iya shirya masa da BTS na shekara biyu a fannin duwan da taranzit, ko da DUT na sufuri da sarrafa kaya a IUT ta Jami'ar Duwala. Digirin kaɗai ba ya ba mutum ikon buɗe ofishinsa ya riƙa shigar da kaya da sunan jama'a. Wannan sai da lasisin da ake bayarwa a matakin ƙungiyar CEMAC, don haka sabon ɗan makaranta a ƙarƙashin mai lasisi zai fara.

Ta uku, nawa karatun zai ci gaba ɗaya. Ban da kuɗin makaranta akwai rajistar jarrabawar ƙasa, kuɗin ɗan acaba ko tasi daga New Bell zuwa Ndogbong kullum, kwamfuta, da buga rahoto.

Ta huɗu, nawa ake samu, kuma a ina aikin yake. Tun watan Maris na 2023, albashi mafi ƙanƙanta a kamfanoni masu zaman kansu da ba na noma ba jaka 60 ne a wata. Wannan ma'auni ne da za a gwada duk wani albashin farawa da shi, tare da tambayar ko kamfanin yana yi wa ma'aikata rajista a asusun CNPS. Haka kuma tashar Kribi mai zurfin ruwa ta fara aiki a 2018, kuma wani sashe na kwantenoni can yake sauka. Ɗalibar da iyayenta ba za su yarda ta bar Duwala ba, gara ta san wannan tun yanzu.

Ina ake samun amsa?

Wuri na farko yana cikin makarantar da ɗalibi ya fito. Lise-lise na gwamnati suna da mai ba da shawara kan zaɓen karatu da sana'a, kuma shawararsa kyauta ce, amma ɗalibai da yawa sukan gama ba su taɓa zama da shi ba.

Na biyu shi ne Asusun Samar da Aikin Yi na Ƙasa, FNE, wanda aka kafa a 1990, yana kuma da ofishi a Duwala. Sanarwar guraben aiki da ake liƙawa ko wallafawa ita kanta majiya ce: wanda ya tattara goma daga ciki a sana'a ɗaya zai ga digirin da kamfanoni ke nema da kuma shekarun gogewar da suke sharɗantawa.

Na uku shi ne ma'aikatar ilimi mai zurfi, wadda ita ke ba makarantu masu zaman kansu izini. Allon talla mai kyau a bakin titi ba shaida ba ce. A nemi ganin takardar izinin makarantar, a kuma tabbatar fannin da ake so yana cikin waɗanda aka amince mata ta koyar, domin makaranta na iya samun izini a wani fanni ta rasa a wani.

Na huɗu, kuma mafi amfani, shi ne masu yin aikin. Matambayi ba ya ɓata. A samu mutum uku: wanda ya daɗe, wanda ya fara kwanan nan, da wanda ya karanta fannin amma bai samu aiki ba. Na ukun ne ake yawan mantawa, alhali shi ne zai faɗi abin da takardar talla ba za ta faɗa ba. A yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya, a rubuta amsa nan take tare da ranar hirar.

Yadda ake zuba binciken a takarda

Bayanai a warwatse cikin waya ba sa gamsar da kowa. Takardar da za ta yi aiki tana da tsari mai sauƙi.

A saman shafin farko a sa take, sunan mai rubutu da kwanan wata. Daga nan sai sakin layi guda mai ɗauke da sakamakon: sana'ar da aka zaɓa, makarantar, jimillar kuɗi, da babban haɗarin da ke ciki. Mai karatu da ba shi da lokaci ya kamata ya fahimci shawarar daga waɗannan layuka biyar ko shida.

Sai ƙananan kanu, kowanne yana amsa ɗaya daga tambayoyin nan huɗu. Inda ake kwatanta makarantu, jadawali ya fi dogon bayani: makarantu a jere ta gefe, a sama kuma kuɗi, tsawon karatu, izini da nisa daga gida. Kowane adadi a nuna inda aka samo shi da ranar da aka samo, domin kuɗin makaranta na bara ba lalle ne ya zama na bana ba. A kuma raba abin da aka gani a rubuce da abin da wani ya faɗa da baki.

Game da kamanni, takardar A4, salon haruffa ɗaya mai girman 12, sarari a gefuna, da lambar shafi sun wadatar. Launuka da yawa da zanen furanni a gefen shafi suna rage wa takarda kwarjini. Kafin a tura ta WhatsApp ko a kai shagon buga takardu, a mayar da ita PDF don kada tsarin ya wargaje, a kuma ba fayil ɗin suna mai ma'ana. A bai wa wani wanda ya ƙware a Faransanci ya duba kurakurai.

Da yake ba kowane uba ko kawu ke karanta Faransanci ba, matashi ya shirya bayyana takardar da Hausa cikin minti biyar, jadawalin a gabansu. Dattijon da ya shekara talatin yana lissafin riba da faɗuwa zai gane adadi ko da wane harshe aka rubuta shi, kuma yana iya gano kuɗin da aka manta ba a sa ba.

Amfaninta ba ya ƙarewa a zauren gida

Wanda ya yi wannan aiki sau ɗaya zai sake cin moriyarsa. Ɗalibin BTS sai ya yi sitaj a kamfani, ya rubuta rahoto mai bangon gaba, jerin abubuwan ciki, bayanin kamfanin, ayyukan da ya yi da shawarwarinsa, sannan ya kare shi gaban malamai masu ba da maki. Wanda ya kwafo rahoton wani yakan tonu a tambayar farko. Wasiƙar neman aiki ma takan bambanta idan mai rubutun ya san abin da kamfanin ke yi, haka takardar tarihin karatu da aiki, wadda ga sabon ɗan makaranta shafi ɗaya ya isa.

Bincike da wuri yana kuma tona matsalolin dosiye. Konkur na gwamnati yakan nemi buƙata mai tambur, wanda kuɗinsa ya tashi daga sefa 1,000 zuwa 1,500 a 2023, da kwafin takardar haihuwa mai hatimin hukuma, da takardar kotu ta rashin laifi wadda ba ta wuce wata uku ba. Kowace gasa tana da iyakar shekaru. Sunayen Hausawa kuma sukan sha bamban a rubutun Faransanci: Mohamadou a takardar haihuwa, Mahamadou a shaidar jarrabawa. Harafi ɗaya na iya sa a mayar da dosiye, gyaransa kuma yana ɗaukar lokaci.

Tsakanin fitowar sakamako a Yuli da komawa karatu a Oktoba akwai fiye da wata biyu. Mako uku daga ciki sun isa a ga mai ba da shawara, a leƙa FNE, a zauna da mutum uku, a rubuta shafi biyu. Idan binciken ya nuna sana'ar ta dace, iyaye za su biya da kwanciyar hankali. Idan ya nuna akasin haka, abin da aka kashe bai wuce kuɗin mota da na buga takarda ba, kuma akwai sauran lokacin duba wata sana'ar kafin a rufe rajista.