Jatau: Sunan da Launin Fata ya Haifar

Duk wanda ya zauna a Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum, da wuya a ce bai taɓa jin an kira wani Jatau ba. Ba shi ne sunan da liman ke raɗawa ranar bakwai ba, laƙabi ne da kakanni ko iyaye ke sa wa yaro mai hasken fata. Tushensa kalmar "ja", domin Bahaushe ja yake kiran mai hasken fata. Namiji ake kira da shi. Kishiyarsa shi ne Duna, wato baƙi wuluk.

Me ya sa sunan ya yaɗu? Babban dalili shi ne kunya. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ko na yaron da ya ci sunan surukinta, don haka sai a nemi laƙabi, kuma launi ne ido ke fara gani. Har maƙwabtan Hausawa sun ari sunan. Alal misali, Peter Jatau, wanda ya zama Babban Bishop na Katolika a Kaduna a 1975, ɗan Kudancin Kaduna ne.

To, me kimiyya ta ce? Launin fata yana fitowa ne daga wani sinadari mai suna melanin. Ƙwayoyin da ke sarrafa shi kusan yawansu ɗaya ne a jikin Jatau da Duna. Bambancin yana ga yawan sinadarin da suke fitarwa, kuma wannan gado ne. Jarirai da yawa sukan zo duniya jajaye, sannan su rine bayan 'yan makonni. Shi ya sa tsofaffi ke duba bakin kunnen jariri kafin su yanke hukunci.

Aikin melanin shi ne kare fata daga illar hasken rana. Saboda haka matashin da ke shafa man bilicin don ya zama Jatau da ƙarfin tsiya, garkuwarsa yake kankarewa. Wasu mayukan ma suna ɗauke da zaiba, wadda ke lalata ƙoda.

Ɗalibai, ku tambayi kakanninku laƙuban gidanku. Za ku tarar Jatau da Duna sau da yawa uwa ɗaya uba ɗaya suke.