Zhu Min, Ɗiyar Babban Sojan Da Ta Ɓoye Sunan Ubanta

A ƙasar Sin an yi wani babban soja mai suna Zhu De. Ɗan talakawa ne, iyayensa manoma ne masu noma gonar haya a jihar Sichuan. Shi ne ya ja sojojin ƴan kwaminis tare da Mao, har suka kafa gwamnati a 1949. Ɗiya mace guda gare shi, sunanta Zhu Min.

An haife ta a Mosko a 1926. Tun tana jinjira aka kai ta Sichuan wurin dangin uwarta. Ba a daɗe ba hukuma ta shiga farautar ubanta. Don haka aka ba ta wani suna dabam, kar a gane ta. Ba ta sake haɗuwa da ubanta ba sai a 1940, a garin Yan'an, tana da shekara 14.

Zamansu tare bai yi nisa ba, don ƙasar tana cikin yaƙi da Japan. A farkon 1941 aka aika ta karatu Tarayyar Sobiyet, gidan yara na garin Ivanovo. Da yake ba ta da isasshiyar lafiya, sai aka kai ta hutawa kusa da birnin Minsk. Tana can, ran 22 ga watan Yuni 1941, sojojin Hitila na Jamus suka faɗo ma ƙasar. Aka kama ta tare da sauran yara.

In da sun san ko ɗiyar wane ce, da abin ya ɓaci. Da suka tambaye ta, sai ta ce ubanta mai maganin gargajiya ne. A kan wannan magana ta tsaya, ba ta sake ba.

A 1943 aka kai ta sansanin aikin tilas a gabashin Jamus ta wancan zamani. Ga yunwa, ga sanyi, ga duka. Ciwo ya kumbura mata wuya, wani likitan Jamus ya yanka wurin babu allurar kashe zafi. Sai a farkon 1945 ta kuɓuta, da sojojin Sobiyet suka iso. A 1946 ta koma Mosko.

Duk da shekarun da suka wuce ta, ta sake ɗaukar littafi. Ta shiga babbar makarantar horon malamai ta Mosko, ta ƙare. A 1953 ta koma gida.

A lokacin ubanta yana cikin manyan shugabannin ƙasa. Amma ba a ba ta wani babban muƙami ba. Aikin koyarwa ta kama a jami'ar horon malamai ta Bejin, tana koya ma ɗalibai harshen Rasha. Ubanta ya ce mata ta zauna a ɗakin ma'aikata na makaranta, cikin abokan aikinta. Haka kuwa ta yi. Ta fi shekara 30 tana koyarwa kafin ta aje aiki.

Zhu De ya rasu a 1976. Ita kuma ta rasu a Bejin a 2009. Sunan uba bai kare ta daga wahala ba, ɓoye shi ma ta yi don ta rayu. Karatun da ta koma ma bayan yaƙi shi ya riƙe ta har tsufa.