Lemar da Ke Saman Gonarka: Abubuwa Shida Masu Ban Mamaki

Manomin Ajingi da ke yankan gero a watan Satumba, rana na dukan ƙeyarsa, akwai lemar da Allah Ya kafa masa wadda ido ba ya gani. Sunanta ozon. Iska ce da ke can sama, kilomita 15 zuwa 35, tana tace zafin hasken rana mai ƙona fata da jawo yanar ido. Ga kaɗan daga labarinta:

1. Siririya ce ainun. Da za a sauko da ita ƙasa a tattara, kaurinta milimita 3 ne kacal, kamar ƙwayar dawa.

2. Tun 1956 masanan Birtaniya ke auna ta a tashar Halley da ke Antaktika, ƙuryar kudancin duniya. An gina tashar ne a kan ƙanƙara mai yawo bisa teku, kuma duk shekara akan yi fiye da kwana 100 rana ba ta fito ba.

3. Sai da aka kusa shekara 30 ana rubuta alƙaluma, sannan a 1985 Joe Farman da abokan aikinsa biyu suka shaida wa duniya cewa lemar ta huje a saman Antaktika. Tsofaffin alƙaluman nan su suka tona asirin ɓarnar. Mai haƙuri yakan dafa dutse.

4. Hujin yakan buɗe ne a Satumba da Oktoba, daidai lokacin da muke shiga kaka. A shekarar 2000 faɗinsa ya ninka Nijeriya kusan sau 30.

5. Mai laifin yana cikin gidaje: gas ɗin CFC na tsofaffin firji da na'urar sanyaya ɗaki, wanda har a wajen yin katifar soso an yi amfani da shi. Ƙwayar kulorin ɗaya daga cikinsa takan lalata dubban ƙwayoyin ozon.

6. Ranar 16 ga Satumba, 1987 aka sa hannu a yarjejeniyar Montreal ta daina amfani da gas ɗin CFC, Nijeriya ta shiga a 1988. Yau lemar tana ɗinkewa, kuma masana na sa ran ta Antaktika za ta koma daidai wajen 2066.

Don haka, mai gyaran firji a Gaya, kada ka saki tsohon gas ya bi iska. Kai kuma mai sayen firjin Beljiyam, tambayi irin gas ɗin da ke ciki kafin ka biya. Inuwar jikokinmu ce muke tsarewa.